Dandalin zumunta na 'yan Kurni: Haya ko gini, a fara tambayar wa ke riƙe da makulli

Kurni ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Kance da ke jihar Damagaram, ba ta da nisa da Matamaye, ba ta kuma da nisa da iyakar Najeriya ta wajen Daura. Kamar sauran garuruwan yankin, da wuya a shiga gida a tarar babu wanda ya tafi ci-rani. Wani yana Kano, wani yana Legas, wani yana Agadas, wata tana Tamanrasat a Aljeriya. Abin da ya ɗinke waɗannan mutane da gida a yau shi ne wayar salula, musamman rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook. A nan ake sanar da rasuwa da suna, a nan ake haɗa gudummawar gyaran famfo ko rufin aji, a nan ake jin ko damina ta yi albarka da yadda farashin gero da rake yake a kasuwa.

Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan rukuni ya san rauninsa. Rukunin WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024. Tarihin maganganu yana warwatse ne cikin wayoyin mutane, wayar ta lalace ya tafi. 'Yan damfara su sace lambar shugaban rukuni, su shiga neman kuɗi da sunansa. Shafin Facebook kuma ana iya wayar gari an rufe shi, babu ofishin da za a je a kai kuka. Shi ya sa matasan da suka karanci ilimin kwamfuta a Damagaram, Yamai ko Kano ke yawan kawo shawarar a gina wa gari dandalinsa na kansa, tunda manhajojin yin haka suna nan kyauta.

Shawarar tana da ma'ana. Sai dai da an amince da ita, sabuwar gardama ke tasowa: a biya wani kamfani ya ɗauki nauyin dandalin, ko kuwa a kafa shi a kan na'urar da 'yan gari za su riƙa kula da ita da kansu? Ga gari irin Kurni, amsar da ta fi dacewa a yanzu ita ce a yi haya, amma hayar buɗaɗɗiyar manhaja, tare da riƙe makullai uku a hannun jama'a: adireshin dandalin, kwafin bayanansa, da ikon gudanar da shi. Wanda ya riƙe waɗannan shi ne mai dandali, ko da na'urar tana wata nahiya.

Mene ne ake zaɓa a tsakani?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka saki rubutun da aka gina ta da shi, kowa na iya dubawa, ya ɗauka, ya gyara, ya yi amfani da ita ba tare da neman izini ba. A fagen sada zumunta akwai su da yawa. Mastodon, wadda Eugen Rochko ya fito da ita a Jamus a 2016, tana kama da Twitter. HumHub da Elgg sun fi kama da ƙaramin Facebook na ƙungiya. BuddyPress ana ɗora ta ne a kan WordPress. PeerTube ta bidiyo ce, Pixelfed ta hotuna. Matrix da XMPP kuma tsare-tsare ne na aika saƙo irin na WhatsApp. Wasu daga cikinsu, kamar Mastodon da PeerTube da Pixelfed, suna magana da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub, wadda hukumar W3C ta amince da ita a Janairun 2018. Ma'ana, ɗan ƙaramin dandali na iya hulɗa da dubban wasu dandalai a duniya kamar yadda imel ke wucewa daga wannan kamfani zuwa wancan.

Manhajar kyauta ce, amma dole ta zauna a kan sabar, wato kwamfutar da ba ta barci, mai haɗe da intanet dare da rana. A nan hanya ta rabu. Hanya ta farko, a je wa kamfanin da sana'arsa ke nan, irin Masto.host da ke ɗaukar nauyin dandalan Mastodon, ko masu HumHub da kansu da ke ba da hayar tasu. Su za su kafa, su sabunta, su toshe ɓaraka, a biya su duk wata. Hanya ta biyu, a yi komai da kai. Ita ma kashi biyu ce: ko a yi hayar sabar fanko a wata cibiyar adana bayanai a kafa manhajar da hannu, ko a sayi na'ura a ajiye ta a wani ɗaki a Matamaye ko Damagaram. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi burge matasa, domin ita ce ke kama da cikakken 'yanci.

Darasin zanen aro

Masu tsoron haya suna da hujja, kuma tarihi na bayansu. Tun farkon shekarun 2000 marubuta da manazartan finafinan Hausa suka riƙa tafka muhawara a zaurukan Yahoo Groups. A ƙarshen 2019 kamfanin ya share abubuwan da aka tara a shafukan, a Disambar 2020 kuma ya rufe hidimar baki ɗaya. Abin da wani bai kwafa ya adana ba ya bi ruwa. Kamfanin Ning, wanda ya yi suna wajen bai wa kowa damar buɗe dandalinsa kyauta, ya sanar a Afrilun 2010 cewa kyauta ta ƙare, ko a biya ko a tashi. Google+ ya rufe a Afrilun 2019. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, hukumomi da jama'a da dama sun koma Koo na ƙasar Indiya. A Yulin 2024 Koo ɗin ma ya rufe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma a duba abin da ya haɗa waɗannan misalai. Dukkansu rufaffun manhajoji ne, mallakin kamfani ɗaya. Ranar da Koo ya mutu babu wani wuri a duniya da za a ɗauki jama'arsa a kai su su ci gaba da zama kamar yadda suke. Hayar buɗaɗɗiyar manhaja ta sha bamban. Idan kamfanin da ke riƙe da dandalin Mastodon ko HumHub ya tsawwala kuɗi ko ya durƙushe, ana iya ɗaukar kwafin bayanai a kai wa wani kamfanin, ko a ɗora a kan sabar kai, dandali ya tashi da sunansa da mutanensa da tarihinsa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya kama hayar shago: ginin na wani ne, kaya da suna da abokan ciniki nasa ne, duk ranar da ya ga dama ya kwashe ya koma gaba.

Abin da ginin kai ke ci

Sai a dawo kan na'urar da za a ajiye a ɗaki. Abu na farko da take nema shi ne wuta marar yankewa. Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana dogaro da lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya, wadda ke bai wa Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta a lokacin, ta katse layin, ba a maido ba sai a Maris na 2024 bayan an janye takunkumi. Ko a lokacin zaman lafiya, wanda ya yi bazara a yankin ya san yadda wuta ke zuwa da tafiya. Za a ce a sa sola da batura. To, a ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, da kuɗin layin intanet mai ƙarfi wanda zai ɗauki hotuna da bidiyon ɗaruruwan mutane. Zuwan Starlink Nijar a 2025 ya sauƙaƙa samun intanet a karkara, amma bai kawo wuta ba, bai kuma kawo mai gyara ba.

Mai gyaran shi ne babbar matsala, kuma ta shafi har wanda ya yi hayar sabar fanko a Turai. Dandali ba gini ba ne da za a gama a ɗaura masa kwado. A Yulin 2023 an gano wata mummunar ɓaraka a Mastodon da za ta iya bai wa maharbi damar ƙwace sabar, aka buƙaci kowane mai dandali ya sabunta cikin gaggawa. A Fabrairun 2024 aka sake samun wata, a watan ne kuma masu watsa saƙonnin banza suka mamaye ƙananan dandalan da masu su suka bar ƙofar rajista a buɗe suka tafi harkokinsu. Kamfanin haya yana toshe irin wannan ga duk abokan cinikinsa a lokaci guda. Dandalin da ke hannun saurayi ɗaya kuwa sai ya jira shi ya gama jarrabawa, ko ya dawo daga tafiya, ko ya samu kuɗin data.

Mutanen karkara sun san wannan labari ta wata fuskar. Garuruwa nawa ne aka haƙa wa famfo aka yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu wani ɗan ƙarfe ya karye, aka koma rijiya? Ba rashin famfo ne ya kashe ruwan ba, rashin asusun gyara ne da rashin wanda aka ɗora wa alhaki. A gari irin Kurni, inda saurayi mai ilimin kwamfuta shi ne ya fi kowa yiwuwar samun aiki a birni ko ƙetare, ɗora dandalin jama'a a wuyan mutum ɗaya ganganci ne. Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa haka abin yake: a 2023 dandalin mastodon.lol, mai dubban masu amfani, ya rufe saboda mai kula da shi ya gaji da rigimar mutane.

Sirrin matafiya

Akwai wata hujja da masu son ginin kai ke kawowa wadda ta fi ta kuɗi nauyi: sirri. A gundumar Kance wannan ba maganar wasa ba ce. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka fito. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke maido da 'yan Nijar a jerin motoci. Dandalin da zai haɗa 'yan gida da 'yan ci-rani zai tara sunaye, lambobin waya, hotuna, garin da kowa yake, da wanda ya tafi ba takarda. Wannan kaya ne mai iya jefa mutum cikin bala'i.

Tambayar ita ce, a ina kayan ya fi tsira? Ba lallai a gida ba. A Mayun 2023 hukumar FBI ta Amurka ta kai samame gidan ɗaya daga masu kula da dandalin Kolektiva.social kan wani batu daban, ta kwashe kwamfutocinsa, a ciki har da kwafin bayanan masu amfani da dandalin wanda ba a kulle ba. Na'urar da ke ɗakin wani a Matamaye ɓarawo na iya ɗauka, mai iko na iya aikowa a ɗauka, ɗan'uwa mai son sanin sirrin wani na iya leƙawa. A Mastodon, saƙon da mutum biyu suka aika wa juna a keɓe ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba. Mai riƙe da sabar na iya karantawa in ya so. A birni wannan baƙo ne. A ƙauye kuwa maƙwabci ne, ko suruki, ko ɗan wata jam'iyya.

Haya ma ba ta kuɓuta ba. Kamfanin ƙetare yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa, kuma cibiyoyin adana bayanai ma suna gamuwa da tsautsayi, kamar gobarar da ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa a ranar 10 ga Maris 2021, inda waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar komai. Darasin da ke cikin misalan biyu ɗaya ne: a tara bayanai kaɗan, a kulle kwafi, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, maganar da ta shafi tafiya da kuɗi kuma a bar ta a manhajar da ke kulle saƙo daga waya zuwa waya.

Akwai kuma doka. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, tana da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya ta da hankalin jama'a. Duk wanda ya buɗe dandali, na haya ne ko na gini, ya zama mai gida, kuma shi za a fara nema idan wani ya yi ɓaranɓarama. Wannan alhaki ba a ba da shi haya. Haka nan kada a yaudari kai cewa sabar gida maganin toshe intanet ce. Lokacin da aka katse intanet ɗin wayoyi a Nijar na kimanin kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021, da a ce akwai irin wannan na'ura a Matamaye, da mai waya a Kurni bai kai gare ta ba.

Makullai uku

Na farko shi ne adireshi. A tsarin ActivityPub sunan kowane mutum haɗe yake da adireshin dandalin, kuma ba a sauya wa dandalin Mastodon adireshi bayan an kafa shi. Wanda ya rasa adireshi ya rasa dandali. Misalin yana nan kusa: a Yulin 2023, lokacin da Mali ta karɓe ragamar adireshinta na ƙasa mai ƙarewa da .ml daga hannun kamfanin da ke raba shi kyauta, wani dandali mai suna fmhy.ml ya wayi gari babu adireshi, dole ya sake sabon zama. Don haka a sayi adireshi, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ko wani, a yi rajistarsa da sunan ƙungiya, a biya na shekaru a gaba. Kada a karɓi adireshin da ke rataye a jikin sunan kamfanin haya, kada kuma a bar shi a imel ɗin mutum ɗaya.

Na biyu shi ne kwafin bayanai. Kafin a biya ko sisi, a tambayi kamfanin: zai ba da cikakken kwafi duk lokacin da aka nema? A wane tsari? In amsar ba ta fito sarai ba, a nemi wani. In an karɓa kuma, a gwada tayar da dandalin daga kwafin aƙalla sau ɗaya a shekara. Rumbun da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko gara ta gama da shi ba.

Na uku shi ne ikon gudanarwa. Masu Mastodon da kansu sun gindaya sharuɗɗa ga dandalan da suke tallata wa jama'a: a riƙa ɗaukar kwafi kullum, a samu aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga sabar idan ta ɓaci, a kuma ba mutane sanarwar wata uku kafin a rufe. Ƙungiyar gari ta fi kowa buƙatar wannan. A samu mutum uku, ɗaya a gida, biyu a waje, a samu mata cikin masu sa ido kan abin da ake wallafawa, a rubuta dokokin zama da Hausa.

Kuɗin haya ma a yi masa tsari. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, saboda haka lissafi ba ya rikicewa: yuro 10 ba ta kai jika bakwai ba. Wahalar tana wajen biya, domin kamfanonin suna karɓar katin banki ne, jama'a kuwa sun saba da aike ta NITA ko Amana. A nan 'yan ƙetare za su yi rana: ɗaya ya biya da katinsa, asusun ƙungiya ya maida masa, a rubuta a littafi kowa ya gani.

Kafin a sayi komai

Saura tambayar da ta fi duka muhimmanci, wadda masu ɗokin fasaha ke tsallakewa: su wa za su shiga? Rayuwar rukunonin karkara a kan saƙon murya take. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana danna alama ta yi magana, ɗanta a Tamanrasat ya ji. Mastodon da HumHub an gina su ne kan rubutu da karatu. Dandalin da zai nemi imel da kalmar sirri kafin a shiga ya riga ya kori rabin gari. Idan abin da ake so shi ne hira ta yau da kullum, manhajojin Matrix ko XMPP masu ɗaukar saƙon murya sun fi kusa da buƙata, su ma kuma ana samun hayarsu. Idan kuwa abin da ake so shi ne taska, wato wurin ajiye sanarwa, lissafin gudummawa, hotunan ayyuka da tarihin gari, to ƙaramin dandali ya isa, a bar WhatsApp ya ci gaba da zama bakin kasuwa inda ake yaɗa labarin abin da aka ajiye.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofar ginin kai har abada. Burin a ga bayanan 'yan Nijar suna zaune a Nijar buri ne mai kyau, kuma aikin shimfiɗa layin intanet na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya tallafa ya haɗa da gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa. Ranar da aka samu wuri a cikin gida mai tsayayyar wuta da farashin da ƙungiya za ta iya, wanda ya riƙe adireshinsa da kwafinsa zai yi ƙaura cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin nan, matasan da ke son koyo su kafa sabar gwaji, su lalata, su gyara, su ƙware, ba tare da sun sa sunaye da lambobin 'yan uwansu a caca ba.

Jama'ar Kurni sun san bambancin mai gona da mai aron gona, sun kuma san cewa wanda ya ajiye hatsinsa a rumbun wani bai rasa shi ba muddin ya san adadin damman kuma yana iya ɗiba ranar da ya so. Duk saurayin da ya zo da shawarar dandali, kafin a tambaye shi sunan manhaja, a tambaye shi abu uku: da sunan wa aka yi rajistar adireshi, a ina kwafi yake, kuma wa zai riƙe in ya tafi.